LABARIN YOHANNA AMOS KOMENIYUS, MALAMIN YARA

Ya kai mai karatu, wanda ka shigo hanyar Yesu Kristi ba da daɗewa ba, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna kana tambaya, akwai wata magana da za ta same ka ko ba daɗe ko ba jima, watau maganar karatun 'ya'yanka. Ran da yaro ya isa shiga makaranta za ka ba da shi a hannun wani mutum, shi kuwa zai riƙe shi sa'o'i da yawa kowace rana har shekaru. Abin da aka zuba masa a can shi zai ɗauka har tsufansa, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Mutane da yawa suna tsammani makarantar Kirista ita ce wadda a kan yi addu'a da safe a cikinta, a karanta aya biyu ko uku, sa'an nan a rufe Littafi Mai Tsarki a ajiye, a shiga lissafi da labarin ƙasa sai ka ce Allah ba shi da rabo cikinsu. Akwai wani bawan Allah a ƙasar Turai wanda ya ga wannan bai isa ba, ya kuwa ba da ransa duka domin ya nuna hanya mafi kyau. Ga labarinsa, ka karanta a hankali, gama akwai rabonka a ciki.

MARAYA A MORABIYA

An haifi Yohanna Amos Komeniyus ran 28 ga watan Maris, cikin shekara ta 1592, a ƙasar Morabiya, can tsakiyar Turai. Yau Morabiya da maƙwabciyarta Bohemiya suna cikin ƙasar Cek. Iyayensa mutanen wata ƙaramar ikilisiya ne da a ke kira Jama'ar 'Yan'uwa. Tushenta daga almajiran Yohanna Hus ne, mai wa'azin nan da aka ƙone da wuta a shekara ta 1415 saboda koyarwarsa. Waɗanda suka riƙe tafarkinsa suka kafa jama'arsu a 1457. Mutane ne masu son Maganar Allah ƙwarai, masu tsare halinsu, har malamansu suka juya dukan Littafi Mai Tsarki cikin harshen ƙasarsu, suka gama aikin a 1593, sa'ad da Komeniyus yana goye tukuna.

Yana da shekara wajen 12 uwa da uba suka rasu, ya zama maraya a hannun dangi. Karatunsa ya tsaya, bai sami shiga makarantar Latin ba sai a 1608, a garin Prerov, yana da shekara 16, lokacin da tsararrakinsa sun riga sun yi nisa. Amma wani jinkirin alheri ne. Da ya shiga yana ƙarami, da ya sha wuyar bai san dalilinta ba. Yanzu kuwa yana da wayon da zai lura da abin da a ke yi. A zamanin nan Latin shi ne harshen ilimi a Turai duka. A kan sa yaro ya haddace ƙa'idodin nahawu cikin Latin ɗin da bai iya ba tukuna, ya yi ta maimaita kalmomi waɗanda bai taɓa ganin abin da su ke nufi ba, in ya manta sai sanda. Shekaru su wuce, yaro ya fito baki cike da kalmomi, kai kuwa wofi. 'Yan mata da 'ya'yan talakawa galibinsu ko ƙofar ba su takawa. Abin nan ya ci masa rai ƙwarai, har daga baya ya kwatanta irin makarantun nan da mahauta inda a ke yanka hankalin yara.

Shugabannin ikilisiya suka ga ƙwazonsa, suka aike shi Jamus ya ƙara karatu, da fari a Herborn cikin 1611, daga baya a Heidelberg. A 1614 ya komo gida da ƙafa, ya zama malami a makarantar da ya yi karatu a ciki. A 1616 aka keɓe shi domin aikin ikilisiya, a 1618 kuma aka ba shi kiwon jama'ar garin Fulnek tare da riƙon makarantarsu. Cikin shekaran nan ya yi aure. Ga gida, ga aiki, ga littattafai, ga yara kewaye da shi. Da ka gan shi a lokacin sai ka ce ya sami wurin zama har mutuwa.

YAƘI DA ANNOBA

A shekaran nan ta 1618 ne yaƙi ya tashi a Bohemiya, yaƙin da ya ci Turai shekara 30. Abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce, waɗanda suka kama makamai a kowane gefe suna kiran sunan Kristi ne, mutanen ikilisiyar Roma da waɗanda suka rabu da ita, ga kuma kwaɗayin sarauta ya gauraya da maganar addini. A watan Nuwamba na 1620 aka ci mutanen Bohemiya a wurin da a ke kira Farin Dutse, kusa da birnin Prag. Sarkin da ya yi nasara ya ƙudura ba za a bar wata ikilisiya a ƙasar ba sai ta Roma. A 1621 mayaƙa suka shiga Fulnek, Komeniyus ya tsere ya ɓuya. Yana cikin ɓuya, a 1622, annoba ta kashe matarsa da 'ya'yansu biyu ƙanana. A shekara mai biye aka tara littattafansa a dandalin garin aka sa musu wuta.

Shekara bakwai ya yi yana ɓuya daga wannan wuri zuwa wancan, a inuwar waɗansu manya da suka ji tausayin 'Yan'uwa. Cikin baƙin cikin nan ya rubuta wani littafi a harshen Cek, labarin wani matafiyi da ya zaga duniya yana neman hutawa wurin masu sana'a, da malamai, da masu mulki, da mayaƙa, bai samu ba, sai da ya komo cikin ɗakin zuciyarsa ya iske Kristi a can. A 1627 aka yi doka, wanda bai yarda ya sake addini ba ya bar ƙasar. Da farkon 1628, cikin tsananin ɗari, Komeniyus ya ƙetare duwatsu tare da wata ƙungiya ta 'Yan'uwa zuwa garin Leshno a ƙasar Folan. Bai sake zama a ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu.

Ka lura da abin da ya sa hannu a kai sa'ad da ya rasa kome. Ya dubi jama'arsa a warwatse, ya ga ba su da sarki, ba su da gona, ba su da masujada, amma suna da yara. Ya gane idan Allah ya nufa su tashi wata rana, ta wurin yaran nan ne za su tashi. Saboda haka ya koma aji yana koyarwa a makarantar Leshno, yana kuma rubuta yadda ya kamata a yi koyarwa.

ABIN DA YA KOYAR

Tushen maganarsa duka shi ne, an halicci mutum cikin surar Allah, ransa kuma ba ya ƙarewa a kabari. Tun da ya ke haka ne, duniyan nan kanta makaranta ce inda a ke shirya mutum domin rai na har abada, makarantar yara kuwa ita ce ajin farko. Daga nan ya fitar da abu uku waɗanda ya wajaba kowace makaranta ta shuka cikin yaro: sani, domin ya gane kansa da abubuwan da ke kewaye da shi, halin kirki, domin ya mallaki kansa, ibada, domin ya mai da kansa da dukan abin da ya sani wurin Allah. Ya ce irin ukun nan yana cikin kowane yaro tun haihuwa, ko da ya ke zunubi ya ɓata gonar. Aikin malami shi ne ya yi noma da ban ruwa, yana dogara ga alherin Kristi. Ya kuma hana a raba su. Mai sani wanda ba shi da hali, wayonsa ya kan zama makami a hannun mugu. Mai ibada wanda ya ƙi sani, kowane maƙaryaci ya kan ja shi.

Ya koyar kuma cewa Allah ya ba mutum littafi uku ya karanta. Na fari shi ne halitta, watau sama da ƙasa da abin da ke cikinsu, wanda mu ke karantawa da ido da kunne da hannu. Na biyu shi ne hankalin da ya sa cikin mutum. Na uku shi ne Littafi Mai Tsarki. Tun da ya ke Mai rubuta su ɗaya ne, ba su saɓa wa juna. Inda ido ya gaza, hankali ya kan gyara masa. Inda hankali ya gaza, Maganar Allah ta kan yi masa ja-gora. To, ka ga amfanin wannan ga makaranta. Yaron da ke koyon tafiyar taurari, ko tsirar iri, ko ƙidaya, bai fita daga gaban Allah ba. Wani shafi ne na littafin Ubansa ya ke karantawa. Malamin lissafi ma bawan Allah ne cikin aikinsa, daidai da malamin da ke koyar da Bishara. Idan ka duba Zabura ta 19 za ka iske Dawuda ya fara da shaidar sammai, ya bi da shari'ar Ubangiji, ya ƙare da roƙo a kan zuciyarsa; haka nan Komeniyus ya so karatu ya tafi.

Bai bar maganar a baki kaɗai ba, ya sa ta cikin littattafan aji. A 1631 ya fitar da littafin koyon Latin wanda ma'anar sunansa ita ce ƙofar harsuna a buɗe. Ya tara kalmomi wajen 8,000 cikin jimla 1,000, ya raba su babi 100. Maimakon yaro ya haddace kalmomi tsirara, kowace jimla tana gaya masa wani abu na gaskiya game da duniya. An fara da asalin halitta, aka bi da sama, da ƙasa, da itatuwa, da dabbobi, da jikin mutum, da sana'o'i, da gida, da gari, da halaye, aka ƙare da kiyayewar Allah da mala'iku. Yaro yana koyon harshe, yana kuma ganin duniya a jere kamar gida mai Maigida. Littafin ya bazu nan da nan, aka juya shi cikin harsunan Turai da yawa, har waɗanda ba su yarda da addininsa ba suka yi aiki da shi a makarantunsu.

Daga baya ya yi wani wanda ya fi wannan suna, Orbis Pictus, watau duniya cikin hotuna, wanda aka buga a Nuremberg a 1658. Babi 150 ke cikinsa, kowanne da hotonsa. An sa lamba a jikin kowane abu cikin hoton, lambar kuma tana kai yaro ga sunan abin, da Latin da harshen gida. Ko haruffa ma da kukan dabbobi da tsuntsaye a ke koya su. Nan ma an fara da Allah, an ƙare da shari'ar ranar ƙarshe, tsakaninsu kuwa ga manomi, ga masaƙi, ga maƙeri, ga jirgin ruwa, ga wasan yara. Fiye da shekara 100 yaran Turai suna karatu da littafin nan.

Sauran ƙa'idodinsa daga tushen nan suka fito. Tun da ya ke kowane yaro surar Allah ne, ya ce a koya wa duka, maza da mata, 'ya'yan sarauta da 'ya'yan talakawa, na birni da na ƙauye, har da mai nauyin kai, gama shi ya fi bukatar taimako. Ya raba shekarun karatu kashi huɗu, kowanne shekara 6. Kashi na fari, daga haihuwa zuwa shekara 6, makarantarsa cinyar uwa ce, ya kuwa rubuta wa iyaye mata ɗan littafi domin wannan. Na biyu, daga 6 zuwa 12, makaranta ce ta harshen gida a kowane gari da ƙauye, sa'a huɗu a rana, gama ya ce wauta ce a koya wa yaro baƙon harshe tun bai iya nasa ba. Na uku makarantar Latin, na huɗu jami'a. Ya ce a nuna wa yaro abu kafin a gaya masa sunansa, a fara da mai sauƙi kafin mai wuya, da na kusa kafin na nesa. Game da duka kuwa, ya ce kada a bugi yaro domin ya kasa gane darasi, gama laifin ya fi zama na malami ne; horo mai tsanani na mugun hali ne, kamar saɓo da taurin kai, shi ma domin gyara ne, ba domin huce fushi ba. Dukan wannan ya tara cikin babban littafinsa na koyarwa, wanda ya fara rubutawa da harshen Cek, aka buga shi da Latin a 1657.

BAƘO A ƘASASHEN MUTANE

A 1632 'Yan'uwa suka naɗa shi bishop. Sunansa ya kai nesa, manyan ƙasashe suka yi ta kiransa. A 1641 ya tafi Landan, inda waɗansu suka so a kafa masa makarantar tara ilimi, amma yaƙin basasa ya taso a Ingila, shirin ya rushe. A 1642 ya tafi Suwidin, wazirin ƙasar ya sa shi aikin shirya littattafan makaranta. Shekara 6 ya yi yana wannan aiki, yana sa zuciya ran da za a yi sulhu mutanen Suwidin za su tuna da jama'arsa. Aka yi sulhu a 1648, ba a ko ambaci komowar 'Yan'uwa ƙasarsu ba. Cikin shekaran nan matarsa ta biyu ta rasu, aka kuma ɗora masa shugabancin ikilisiyar da ya ke gani tana mutuwa a hannunsa. Daga 1650 zuwa 1654 yana Sarospatak a ƙasar Hangari yana gyara wata makaranta. A can ya shirya littafin hotunan nan, ya kuma mai da darussa kamar wasan kwaikwayo domin yara su yi su da kansu.

Ya komo Leshno, sai ga wani yaƙi tsakanin Suwidin da Folan. A watan Afrilu na 1656 aka ƙone garin ƙurmus. Komeniyus yana da shekara 64. Gidansa da littattafansa suka ƙone, tare da ƙamus na harshen Cek da Latin wanda ya yi fiye da shekara 40 yana tarawa. Kaɗan daga takardunsa ne suka tsira, waɗanda aka binne a rami. Karo na biyu ke nan da wuta ta cinye aikinsa. Wani attajiri mai tsoron Allah ya kira shi Amsterdam a ƙasar Holan, ya ba shi masauki. Tsohon nan bai naɗe hannu ba. Cikin shekara guda ya tara rubuce-rubucensa na koyarwa aka buga su, ya kuma yi ta neman taimako domin 'Yan'uwa da ke warwatse.

INDA YA YI KUSKURE

Ba za mu ɓoye maka kuskurensa ba, gama Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye na Dawuda da na Bitrus ba. Saboda tsananin marmarinsa na komawa gida, ya ba da gaskiya ga waɗansu mutane da suka ce an yi musu wahayi cewa maƙiyan jama'arsa za su fāɗi nan da nan. Har ya tara maganganunsu ya buga a 1657. Abin da suka faɗa bai cika ba, sunansa kuma ya ɓaci wurin masu hankali da yawa. Ya kuma rubuta yabo ga sarkin Suwidin a lokacin yaƙi, abin da ya ƙara wa mutanen Folan fushi a kan garin da ya ba shi mafaka. Mutumin da ya koyar a gwada kome da Maganar Allah, ga shi son zuciya ya sa bai gwada wannan sosai ba.

Kuskure na biyu ya shafi maganarmu kai tsaye. Ya yi ƙoƙari ya fitar da ilimin halitta daga surorin farko na Littafin Farawa, bai kuwa yarda cewa duniya ce ke kewaya rana ba, ko da ya ke tun yana saurayi ya sayi rubutun hannu na Kopernikus, masanin da ya nuna haka. Yau an tabbata duniya ce ke kewaya rana. Littattafan Allah uku ba su yi ƙarya ba. Mai karatu ne ya yi kuskuren karatu, ya nemi amsa a wani littafi alhali tana cikin wani. Wannan gargaɗi ne ga kowane malami Kirista, ya yi tawali'u, kada ya sa wa Maganar Allah abin da ba ta faɗa ba.

ƘARSHENSA DA IRIN DA YA BARI

A 1668, yana tsoho ƙwarai, ya rubuta ɗan littafi a kan abu ɗaya da ya wajaba, ya ɗauko sunansa daga labarin Marta da Maryamu cikin Luka sura 10. A ciki ya waiwayi ransa, ya ga kansa kamar Marta, mai yawan hidima da kai da kawowa, ya furta cewa marmarinsa yanzu shi ne ya zauna wurin sawayen Yesu. Ya rasu ran 15 ga Nuwamba 1670, yana da shekara 78, aka binne shi a garin Naarden a Holan.

A idon mutane ya mutu ba nasara. Ƙasarsa ba ta komo ba, ikilisiyarsa ta watse, makarantar da ya yi mafarkinta bai gan ta ba. Amma irin da aka binne bai ruɓe a banza ba. A 1722 waɗansu daga zuriyar 'Yan'uwa suka fito daga Morabiya, suka kafa gari mai suna Herrnhut a Jamus, a ƙasar wani basarake mai suna Zinzendorf. A 1727 basaraken nan ya sami littafin da Komeniyus ya buga game da tsarin tsohuwar ikilisiyar, suka ga ashe gādonsu ne. A 1732 suka aiki mutum biyu zuwa tsibirin Sen Tomas, can hayin teku wajen Amurka, su kai Bishara ga bayin da aka kwaso daga Afirka. A 1735 jikan Komeniyus, Daniyel Yablonski, shi ya ɗora hannu a kan ɗaya daga cikin mutum biyun nan, ya zama bishop na fari na sabuwar jama'ar. Abubuwan da ya yi ta roƙo kuwa, watau karatu domin kowane yaro, da harshen gida, da littafi mai hoto, da aji bisa ga shekaru, sun zama abin da kowa ya saba da shi, har mutane sun manta akwai wanda ya sha wuya a kansu.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Yanzu, ɗan'uwa, bari mu komo ƙofar gidanka.

Da fari, ka sani kai da matarka ku ne malaman farko. Ka karanta Kubawar Shari'a sura 6, ka ga yadda aka umarci iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu zancen Allah cikin zaman gida da tafiyar hanya, dare da rana. Ba sai ka iya boko ba. Sa'ad da kuna shuka gero, ka nuna wa ɗanka ƙwaya ɗaya, ka nuna masa zangarniya, ka tambaye shi wa ya yi wannan. Sa'ad da hadari ya taso, ku gode tare. Yarinyarka kuma kada ka bar ta a baya, gama farashin da aka biya domin ranta daidai ne da na ɗan'uwanta.

Na biyu, idan kana zaɓen makaranta, kada sunan da aka rubuta a ƙofa ya ishe ka. Ka tambayi yaronka abin da ya koya. Ka duba ko yana gane abin da ya ke faɗa, ko kuwa yana maimaitawa ne kamar aku. Ka duba ko yana ƙara gaskiya da ladabi da tausayi. Ka duba ko malamin yana yin abin da ya ke koyarwa, gama yaro ya fi koyo da ido bisa ga kunne.

Na uku, idan Allah ya kira ka ga aikin malanta, ka san darasinka sosai tukuna. Yawan ambaton sunan Allah ba ya rufe ragwanci, kuma ba a ce ka liƙa aya a jikin kowace tambayar lissafi ba. Ka koyar da lissafi daidai, har yaro ya iya; sa'an nan ka nuna masa cewa ƙidayar da ba ta sākewa shaida ce ta Allah mai aminci, kuma wanda ya iya awo ba shi da hujjar tauye mudu a kasuwa, kamar yadda Misalai sura 11 ta gargaɗe mu. Cikin labarin mutanen dā ka faɗi gaskiya, mai daɗi da marar daɗi, ka nuna yadda Allah ya ke hukunta girman kai, yana kuma jin kukan wanda aka zalunta. Cikin darasin tsabta da lafiya ka tuna musu jikin nan amana ne. Yaron nan mai nauyin kai da ke zaune a baya, wanda kowa ya gaji da shi, ka tuna Yesu ya rungumi irinsa ya sa musu albarka.

A ƙarshe, kada ka manta da abin da tsohon nan ya gane a Amsterdam bayan ya zaga Turai, ya rubuta littattafai masu yawa. Mutum ya iya sanin sunan kowane tauraro, ya rasa ransa. Ba za ka iya kai yaro inda kai ba ka je ba. Idan har yanzu kana bakin ƙofa, ka shigo; ka zauna wurin sawayen Yesu Kristi ka zama almajirinsa, ka roƙe shi gafara da sabuwar zuciya. Sa'an nan ka kama hannun ɗanka da na 'yarka, ku shiga makarantarsa tare. Ubangiji ya ba ka alherin yin haka. Amin.